Kati Yana Hannu, Kuɗin Mota Fa?

 Jama'a masu sauraro, wannan filinmu ne na faɗakarwa kan lafiyar iyali. Gaisuwa ga mutanenmu na Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, da na Bichi da Ɓagwai da Dawakin Tofa, da na Minjibir da Gabasawa da Gezawa. Ina gaida manomin da ya rataye rediyonsa a reshe yana duƙe, da uwargida da take tsakar gida tana aikace-aikacenta. Ku kuma direbobi da kuke jiran lodi a tasha, kada ku murɗa akwatin, yau akwai maganarku a ciki.

Batunmu na yau shi ne kuɗin motar zuwa asibiti. Wa ya kamata ya biya shi? Me inshorar lafiya ta gwamnati ta tanada a kai, me ta bari? Mu kuma me za mu iya yi kafin hukuma ta waiwayo?

Ƙasarmu ta arewacin Kano cike take da mutane. Daga wannan ƙauye kana hango rimin wancan, gona tana manne da gona, ba ka tafiyar kirki ba ka tarar da gida ba. Tun shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suka fara nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. Wannan cunkoso shi yake sa wanda yake zaune a ofis ya ɗauka cewa nisa ba matsalarmu ba ce. Ai ga asibitin sha-ka-tafi nan kusan a kowace mazaɓa, ga babban asibiti a Bichi, ga wani a Ɗambatta. Gaskiya ne, suna nan. Amma ranar da ciwo ya fi ƙarfinsu, ina ake tura mu? Karaya mai wuya, sai asibitin ƙashi na Dala. Yaro ya jigata, sai asibitin Hasiya Bayero. Ciwon ƙoda ko na zuciya ko daji, sai asibitin Murtala ko na Nassarawa ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Dukkansu a birni suke. Shi na Malam Aminu Kano ma a kan titin Zariya yake, kudu da gari, wato mutumin arewa sai ya ratsa Kano kaf kafin ya ga ƙofarsa. Daga garin Ɗambatta zuwa birni ya haura kilomita 60, ballantana wanda zai fito daga wani ƙauye a bayan dam ɗin Tomas.

To, mu lissafa tafiyar tare. Daga gida zuwa bakin kwalta, ɗan acaɓa. Daga bakin kwalta zuwa tasha a birni, motar haya. Daga tasha zuwa asibiti, a-daidaita-sahu, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano tun 2013. Hawa uku ke nan. Dawowa ma uku, sun zama shida. Mara lafiya kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Dattijo sai da ɗansa, mace sai da mijinta ko 'yar'uwarta, yaro sai da uwarsa. Hawa shida na mutum biyu, biya goma sha biyu ke nan saboda ganin likita sau ɗaya. In kuwa likita ya ce a riƙa dawowa duk wata, a shekara an biya sau 144. Ban sa abincin hanya ba. Ban sa kwana a barandar asibiti ba, ga wanda aka ce sakamakon gwajinsa sai gobe. Ban sa yinin da mutum biyu suka rasa a gona ba, wanda in lokacin noman farko ne ko maimai, kowane manomi ya san ba a ramuwarsa. In kuma jiki ya yi tsanani har mutum ba zai iya zaman gwamutsi a mota ba, sai shata, kuma kun san yadda kuɗin shata yake, musamman da daddare.

Abin ya fi ƙamari da damina. Lokacin ne zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage an zuba shi a taki, lokacin ne kuma ruwa yake yanke hanyar burji, ɗan acaɓa ya ce sai an ƙara masa saboda zagaye. Sannan tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Direba ba laifinsa ba ne, abin da ya saya shi zai sayar. Amma akuyar da a da ake kaiwa kasuwar Lahadi ta Ɗambatta ko ta Juma'a ta Bichi don a biya kuɗin magani, yanzu a hanya ake cinye rabinta.

Wanda wannan nauyi ya fi dannewa shi ne mai ciwon da ba ya warkewa da zuwa ɗaya. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai farfaɗiya, yaro mai sikila, mai taɓin hankali da ake karɓo wa magani a asibitin Dawanau, mai wankin ƙoda da ake so ya je sau biyu ko uku a mako. Zai je na farko, ya je na biyu, a na uku ya duba aljihu ya ce bari sai an yi kaka. Maganinsa ya ƙare, ya ɗauki kwalin ya nufi kyamis, a ba shi na kwana uku gwargwadon kuɗinsa. Ranar da ya faɗi, a kwashe shi a shata, a kashe ninkin abin da aka guda, wani lokacin ma a dawo da shi ɓarin jiki a shanye. In ya samu ya koma asibiti, abin da zai fara ji shi ne, Baba, me ya hana ka zuwa ranar da aka ba ka? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, wallahi uzuri ne. Ba zai ce ba shi da kuɗin mota ba, domin mutumin ƙauye yana da kunya da mutunci. Ni roƙona ga ma'aikatan lafiya, kafin ku yi wa irin wannan bawan Allah faɗa, ku tambaye shi daga ina ya taso.

Ba hasashe nake yi ba, akwai alƙaluma. A babban binciken lafiyar iyali da aka yi a faɗin Najeriya a 2018, mata 46 cikin 100 sun ce samun kuɗi yana hana su neman magani, 26 cikin 100 kuma sun ce nisan asibiti ne yake tare su. A wannan binciken, a jihar Kano kusan haihuwa ɗaya ce kacal cikin biyar ake yi a asibiti. Ga kuma misalin da ya fi kowanne fito da maganar fili: maganin tarin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, ba a karɓar ko kwabo. Duk da haka, binciken da aka yi a 2017 ya gano cewa gidaje 71 cikin 100 da cutar ta shiga, ɗawainiyarta ta cinye musu fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara. Ina kuɗin ya tafi, alhali magani kyauta ne? Kaso mai yawa ya tafi a zirga-zirga da abinci da rashin fita nema, domin wata shida ake yi ana shan maganin, ana kai-kawo.

Yanzu mu zo kan inshorar. A 1999 aka yi dokar da ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, aka fara aiki da shi a 2005, kuma shekaru da dama ma'aikatan gwamnatin tarayya ne kusan kaɗai suka amfana. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a asusun kula da lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Jihar Kano ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA, a 2016. A watan Mayu 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni: yara ƙanana, mata masu ciki, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu.

Wannan ci gaba ne, kuma ina kira ga duk wanda bai yi rajista ba ya je asibitin mazaɓarsa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa ya tambaya. Wanda yake da kati, ana duba shi, a yi masa gwajin da ke cikin tsari, a ba shi magungunan da ke cikin jerin hukuma, a kwantar da shi, a karɓi haihuwar iyalinsa. Amma ku saurara da kyau. Aikin katin nan daga ƙofar asibiti yake farawa. Kuɗin da ka kashe daga gidanka zuwa wannan ƙofa don cika ranar da likita ya ba ka, ba ya cikin lissafi, ba wanda zai mayar maka. Tamkar a ce an ba ka buhun taki kyauta a Kano, gonarka kuwa tana Makoɗa, ba ka da kuɗin dako.

Kuma a nan akwai rashin daidaito da ya kamata a faɗa. Mutumin unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a birni da mutumin wani ƙauye a Tsanyawa, kati iri ɗaya suke riƙe da shi, kuɗi ɗaya aka zuba wa kowannensu a asusu. Na farko zai iya takawa da ƙafa zuwa asibitin koyarwa. Na biyu sai ya sayar da wani abu. Ƙarshenta wanda yake kusa shi yake morar asusun, na nesa sunansa ne kawai a rajista. Kuɗin da aka ware don talakan karkara ya zama ya fi amfanar wanda dama asibiti yana bayan gidansa.

Kada wani ya ce biyan kuɗin mota baƙon abu ne da ba a taɓa yi a ƙasar nan ba. An yi, ana ma yi. A 2024 hukumar NHIA ta ɓullo da shirin yi wa mata masu yoyon fitsari aiki kyauta, kuma a cikin abin da shirin ya ɗauka har da ciyarwa da kuɗin mota, domin an gane cewa matar da wannan lalura ta sama, sau da yawa ba ta da ko na zuwa asibitin Murtala ko na Babbar Ruga a Katsina. Masu tarin tibi irin wanda ya bijire wa magani su ma an daɗe ana ba su ɗan tallafin zirga-zirga da taimakon masu ba da agaji na duniya. Ita kanta dokar 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don agajin gaggawa, daga nan ne aka samo tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a 2022. A ƙarshen 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin rage mutuwar mata wajen haihuwa, da yin tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata. Wato hukuma da kanta ta yarda cewa hanya tana cikin jinya. Abin da ya rage shi ne a daina tsayar da wannan fahimta a kan cuta biyu ko uku.

Direbobi, ga taku. Shekaru da suka wuce, da tallafin gwamnatin Birtaniya, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW a jihohin Arewa, har da Kano da Katsina da Jigawa, kan yadda ake ɗaukar mace mai doguwar naƙuda ko zubar jini ko jijjiga, a kai ta asibiti ko da tsakar dare ne, ba tare da tsawwala kuɗi ba. Ladan da ƙungiya take ba direban da ya yi wannan aiki shi ne ya dawo tasha a ba shi lodi ba sai ya bi layi ba. Maƙwabtanmu na Jigawa suna da shirin Haihuwa Lafiya, inda aka ajiye motoci a ƙauyuka masu wuyar shiga. Allah kaɗai ya san yawan matan da suke raye yau saboda wani direba ya tashi daga barci ya tayar da mota. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai aikin sa kai yana gajiya in mai ya yi tsada, kuma bai dace a bar ran matanmu a rataye da kirkin direba kaɗai ba.

A waje kuwa, abin ya daɗe da zama doka. A Ingila, mai ƙaramin ƙarfi da likita ya tura babban asibiti yana kai shaidar tafiyarsa ofishin kuɗi na asibitin a mayar masa, ko ya cike takarda cikin wata uku, kuma da kuɗin abin hawa mafi araha ake lissafi. A Faransa likita ne yake rubuta takardar abin hawa kamar yadda yake rubuta ta magani, inshora ta biya. A Amurka ma tsarin lafiyar talakawa yana kai mutum ganin likita ya dawo da shi.

Za ku ce waɗannan masu kuɗi ne. To mu duba Indiya, mai ƙauyuka fiye da namu da talakawa masu yawa. A tsarin inshorar talakawa da suka fara a 2008, a wancan lokacin duk wanda aka kwantar, ranar sallama asibiti yakan danƙa masa rufi 100 na mota, har zuwa rufi 1,000 a shekara. Ba rasit, ba cike-cike, kuɗi ƙayyadadde a hannu. A 2011 kuma, a wani shirin, suka ce mai ciki da jariri mara lafiya, a ɗauko su daga gida kyauta, in an tura su gaba a kai su kyauta, a kuma mayar da su gida.

Mu matso kusa. A Jamhuriyar Nijar, a wasu gundumomi na jihar Doso da ta Tawa, an yi wata dabara: duk wanda ya zo ganin likita a ƙaramin asibiti ya ƙara sefa 100, wato dala ashirin a lissafinsu. Wannan ɗan ƙari shi aka riƙa tarawa a sayi man motar asibiti, ranar da aka ce a garzaya da wani babban asibiti, iyalinsa ba za su shiga neman rance ba. A Mali akwai asusun taimakon juna da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin asibitocin al'umma suke zubawa don ɗaukar mata masu naƙuda. Nijar ta koya mana wani darasin kuma mai ɗaci. Tun 2006 suka ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, gwamnati za ta biya asibitoci daga baya. Biyan ya riƙa makara watanni, har shekaru, magani ya ƙare a kantoci. Duk tsarin da aka gina a kan kashe naka za a biya ka daga baya, in biyan ya yi nawa, ya mutu.

Wannan ne ya sa ni a ganina, kwaikwayon tsarin Ingila kai tsaye ba zai yi mana ba. Wane ɗan acaɓa ne yake ba da rasit? Wane kwandasta ne yake yawo da hatimi? Sannan wanda ba shi da kuɗin tafiya tun farko, alƙawarin za a mayar masa bayan wata uku ba zai fitar da shi daga gida ba. In kuma aka ce sai ya koma birni ya karɓo, kuɗin karɓowar ya cinye abin da za a ba shi.

Abin da zai yi aiki a ƙasarmu shi ne mai sauƙi. A ƙayyade kuɗi gwargwadon nisan mazaɓa. Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, kuma babu wadda ba a san kuɗin motarta zuwa babban asibiti mafi kusa da zuwa birni ba; shugaban tasha zai faɗa maka a tsaye. A ɗaura biyan a kan takardar turawa, wato sai wanda asibitin mazaɓarsa ya tura, ko wanda likita ya rubuta masa ranar dawowa. A ba shi na zuwa a inda aka tura shi, na dawowa a inda aka gan shi, a ranar, ko a hannu ko ta asusun waya. In ana tsoron kuɗi a hannu, a ba shi tikiti ya miƙa a tasha, reshen ƙungiyar direbobi ya tara ya karɓa a ƙarshen mako. A lissafa da mai rakiya ga yaro da tsoho da mai ciki. Kuma ba sai an fara da kowa ba. A fara da waɗanda dama gwamnati ce take biya musu inshora, cikinsu ma a fara da masu ciki da aka ce cikinsu yana da haɗari, da yara masu sikila, da masu wankin ƙoda, da masu ciwon daji.

Na san abin da za a ce. Za a ce asusun bai ishi magani ba ma, balle mota. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma a auna: kuɗin motar mai hawan jini na shekara guda, da kuɗin jinyarsa in ɓarin jikinsa ya shanye aka kwantar da shi makonni, wanne ya fi? Na biyun kuwa inshorar ce za ta biya. Za a kuma ce mutane za su yi cuwa-cuwa, a rubuta sunayen bogi. Za a iya, kamar yadda ake iya yi a kan magani da taki da komai. Maganinsa shi ne lambar turawa da dama ake amfani da ita, da lambar zama ɗan ƙasa, da liƙa sunayen waɗanda aka biya a bangon asibiti inda kwamitin mazaɓa da mai unguwa za su gani. A ƙauye ba a ɓoye wanda ya je Kano da wanda bai je ba.

Akwai kuma abin da ya fi biyan kuɗin mota araha, shi ne rage yawan tafiyar. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, in jikinsu ya daidaita, yanzu ana ba su maganin wata uku har zuwa shida a zuwa ɗaya. Me zai hana mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya gamsu da shi ya riƙa auna jininsa yana karɓar maganinsa a asibitin mazaɓarsa, ya je birni sau biyu a shekara? Me zai hana a haɗa wa mutumin nesa gwaji da ganin likita a rana ɗaya, a kuma fara sallamarsa don ya samu motar komawa kafin magariba? In likita ba zai zauna ba, ko ana yajin aiki, kiran waya ɗaya zai hana mutum biyu asarar tafiya. Lambar wayar tana jikin fayil. Waɗannan ba sa buƙatar sabuwar doka, sai shugaban asibiti mai tausayi.

Ku kuma 'yan'uwa masu sauraro, ga abin da yake hannunku. In kana da kati, kada ka tsallake asibitin da ka yi rajista ka wuce birni kai tsaye, sai fa in gaggawa ce. Ba takardar turawa, za a iya ce maka ka biya da kanka ko ka koma ka karɓo, ka yi asara biyu. Kafin ka taso, ka tabbatar da ranar da likitan ciwonka yake zama. In ka shiga wurinsa, ka cire kunya ka ce, likita, daga wuri kaza nake, ba zan iya zuwa duk wata ba, yaya za a yi? Da yawansu za su duba maka. Ka kuma tambaya ko lalurarka tana cikin waɗanda ake tallafa wa da kuɗin mota, domin wani tallafin yana nan, rashin tambaya ne yake sa ya wuce mutum.

Maigida, ranar da aka ce iyalinka tana da ciki, ranar za ka fara ajiye kuɗin mota, ko kwano ɗaya na gero ne duk kasuwa. Ka nemi lambar direba biyu, ka ajiye ɗaya a wayarka ɗaya a wurin ungozoma. Ka bar izini a gida, cewa in abu ya taso ba ka nan, a tafi da ita ba sai an jira ka ba. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu.

Iyayenmu dagatai da masu unguwanni da limamai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun iya gayya, mun iya adashi, mun iya tara wa mai biki gudummawa. Asusun motar asibiti bai fi ƙarfin kowace unguwa ba. Da kaka kowane gida ya kawo abin da aka yanke, a sayar, a danƙa wa mutum biyu amintattu, mace ɗaya namiji ɗaya, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Wanda ya ɗauka ya mayar in ya samu, wanda ba shi da hali a yafe masa. Malamanmu kuma su duba mana, cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba a matsayin masu cin zakka akwai fakiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Su yi wa masu fitar da zakkar hatsi da ta dukiya bayani, ko wani kaso zai tafi ga maƙwabcin da aka ba ranar ganin likita ya rasa na mota.

Daga ƙarshe, kirana ga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, da Ma'aikatar Lafiya, da 'yan majalisar dokokin jiha masu wakiltar arewacin Kano: ku sa kuɗin motar wanda aka tura babban asibiti cikin abin da inshora take biya, ku gwada a ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu na shekara guda, ku ƙirga mutum nawa suka cika ranakunsu, sannan ku yanke hukunci da abin da kuka gani. Ku kuma masu sauraro, duk ranar da kansilanku ko ɗan majalisarku ya zo gari, ku yi masa wannan tambaya a gaban jama'a, ku nemi ya ba ku amsa da rana.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah ya ba su sauƙi.